Katin Hoton Da Aka Ƙure Wa Gudu: A Dakata Kafin A Ce Ya Mutu

Yau maganata da masu kwamfutar tebur ce, musamman matasanmu masu tace bidiyo, da masu zanen gine-gine, da masu wasannin kwamfuta, wato duk wanda abincinsa ko nishaɗinsa ya rataya a kan katin hoto. Ga wanda bai san shi ba, shi ne faffaɗan katin nan mai fanka biyu ko uku da ake sokewa a jikin madabod, wanda duk abin da ido ke gani a sikirin daga cikinsa yake fitowa. A kwamfutocin aiki da yawa, babu ɓangaren da ya kai shi tsada.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin masu irin waɗannan katuna, ta ƙara musu gudu fiye da yadda kamfani ya saita, abin da 'yan harkar ke kira obakulok. Mutum ya sauke manhaja irin su MSI Afterburner, ya ja ma'auni zuwa dama, ya ga wasa ya ƙara santsi, sai ya ƙara ja. Can sai sikirin ya cika da ɗigo-ɗigo masu launi, ko ya daskare, ko ya yi baƙi ƙirin alhali fanka na ta kuka. Ya kashe ya kunna, Windows ta fara buɗewa, ta sake ɗaukewa. Nan gabansa zai faɗi, ya ce shi ke nan, na ƙona kati.

To, mai sauraro, a mafi yawan lokuta katin nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya fi halaka shi shi ne abin da mai shi zai aikata bayan ya tsorata: ya ɗora masa bayos, wato umarnin da ke rubuce a cikinsa, wanda ba nasa ba, ko ya ruga da shi wurin wanda zai kunna masa bulowa mai hura iska mai zafi ba tare da ya auna komai ba. Wannan ne ke ci mini rai, domin kayan nan da gumin goshi ake sayensu, kuma yawancinsu na hannu ne, babu wani garanti da za a koma a nema.

Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, tambayi kanka: canjin da na yi, a ina aka rubuta shi? Amsar wannan tambaya ita za ta nuna maka hanya.

Idan da manhaja ka yi, irin Afterburner ko Adrenalin ta kamfanin AMD, to ba a cikin katin aka rubuta ba. A cikin Windows yake zaune, kamar rubutun tawada a allon almajiri, da an wanke ya tafi. Duk lokacin da aka kashe wuta, katin yana mantawa da shi, ya tashi da gudunsa na asali. Abin da ke sa matsalar ta riƙa dawowa shi ne ɗan maɓallin nan da ke cewa a ɗora saitin da zarar Windows ta buɗe. Ka danna shi tun kafin ka tabbatar katin zai iya ɗauka, don haka kullum kwamfuta ta tashi lafiya, sai manhajar ta sake ɗora mata abin da ya kayar da ita.

Ga alamar da za ka gane haka. Kunna kwamfutar, ka zuba ido a daƙiƙun farko. Idan tambarin kamfanin madabod ya fito tsaf, babu zane-zane, babu ɗigo, kuma sai bayan Windows ta shigo ne duhu ke biyowa, to katin ne ya zana maka wannan tambarin, wato yana da rai. Ka yi hamdala ka kwantar da hankalinka.

Kuma akwai dalilin da ya sa da wuya ma'aunin manhaja kaɗai ya ƙona kati na zamani. Kamfanonin sun riga sun gina katanga. A jerin GTX 10 da Nvidia ta fitar a 2016, ko ka ja ma'aunin wuta har ƙarshe, ba zai wuce wajen bolt 1.093 ba. Yawancin katunanta kuma da sun kai wajen digiri 83 na zafi sai su rage gudu da kansu. Ita ma Windows, tun zamanin Vista, idan katin ya yi shiru na daƙiƙa biyu bai amsa ba, sai ta sake tayar da direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, shi ya sa wani lokaci sikirin ke ɗaukewa ya dawo da saƙon cewa direba ya tsaya amma ya farfaɗo. Manhajar AMD ma, in kwamfuta ta faɗi, takan mayar da saitin gudu na asali da kanta, ta sanar da kai.

Maganin wannan mataki bai da wuya. Wani lokaci ma, idan Afterburner ce, riƙe maɓallin Ctrl daidai lokacin da kake shiga Windows yana hana ta ɗora saitin. In hakan bai yi ba, sai a shiga Sef Mod, inda Windows ke tashi da direban hoto mai sauƙi na Microsoft, ba ta kuma tayar da manhajojin ƙarin gudu. Idan ba ka iya kaiwa ga inda ake zaɓa, kashe kwamfutar da maɓallin wuta daidai lokacin da Windows ta fara lodi, ka maimaita sau biyu zuwa uku, za ta buɗe maka shafin gyara da kanta. Daga nan ka bi zuwa saitin tashi, ka danna lamba 4. Da ka shiga, cire Afterburner gaba ɗaya, kuma in ta tambaye ka ko a bar tsofaffin saituna, ka ce a'a, domin su ne ciwon. Sannan ka yi amfani da 'yar manhajar nan ta kyauta mai suna DDU ka share direban katin tas, ka sake sauke sabo daga shafin Nvidia ko AMD, ba daga wani faifan da ke yawo a shago ba.

Wani zai ce maka ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin madabod, CR2032. Babu laifi, amma ka san abin da yake yi: saitin madabod yake mayarwa na asali, ba na katin hoto ba. Yana da amfani idan har da furosesa ko ram ka taɓa, wanda sau da yawa haka ne, domin mai son gudu ba ya tsayawa a abu ɗaya.

Akwai kuma wanda ake ɗora wa kati laifinsa alhali ba shi ba ne, wato akwatin wuta, fawa fak. Idan kwamfuta tana mutuwa ɗif a tsakiyar aiki mai nauyi, babu saƙo, babu shuɗin sikirin, kamar an zare filogi, sai a fara zarginsa. Ramin da ake soke kati a ciki wat 75 yake bayarwa, waya mai baki shida ta ƙara 75, mai baki takwas 150. Ƙarin gudu na ƙara cin wuta, kuma in an haɗa da ƙarin bolt, cin wutar yana hauhawa fiye da yadda mutum ke zato. Mutane da yawa sun zuba kuɗi a kati, sun bar shi da fawa fak maras suna wanda lambar da aka rubuta a jikinsa ba ta kai gaskiya ba. A cire filogi, a riƙe maɓallin kunnawa na rabin minti don wutar da ta saura ta fita, a zare katin a mayar da shi ya zauna daram, a duba wayoyinsa sun shiga har sun yi ƙas. In da hali a gwada da wani fawa fak mai kyau. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da katuna da dama da aka yanke wa ƙauna.

Yanzu mu zo inda maganar ta fi nauyi, wato wanda bai tsaya a manhaja ba, ya yi wa katin filashin, ma'ana ya sake rubuta masa bayos. Kowane katin hoto yana da wata 'yar aisi mai ƙafa takwas da ke riƙe da bayos ɗinsa, wato umarnin farko da yake karantawa da an ba shi wuta: nawa ne gudunsa, nawa zai ci na wuta, yaya zai yi magana da memorin da ke jikinsa. Wannan rubutu ba ya gogewa don an kashe kwamfuta. In aka sa wanda bai dace ba, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, to ko tambarin madabod ba za ka gani ba. Wani lokaci kuma hoton zai fito, amma direba ya ƙi hawa, ka buɗe Dibais Manaja ka tarar da alamar gargaɗi da lamba 43.

Duk da haka, ko a nan ba a ce ya mutu ba. Ƙarfen lafiya yake, umarnin ne ya rikice, kuma ana iya sake rubuta shi.

Abu na farko, juya katin ka duba gefensa na sama, ko akwai wani ɗan makunni ƙarami ƙwarai mai matsayi biyu. Wannan yana da tarihi. A watan Disambar 2010 AMD ta fitar da Radeon HD 6950 da 6970 ɗauke da irin wannan makunni, gefe ɗaya bayos ne da ake iya canzawa, ɗayan kuma na kamfani ne a kulle. Nan da nan mutane suka gano cewa 6950 ɗin ciki ɗaya ne da yayansa, an dai rufe masa wasu sassa, 1408 ke aiki maimakon 1536, kuma in aka ɗora masa bayos ɗin 6970 sai su buɗe. Mutane da yawa suka yi hakan ba tare da fargaba ba, saboda in abu ya ɓaci makunnin na nan. Har yau katuna da yawa suna zuwa da shi. In naka yana da shi, ka kashe kwamfuta, ka tura shi ɗaya gefen, ka kunna. Idan hoto ya dawo, kana iya ci gaba da aikinka a haka. In kuma kana son gyara wanda ya lalace, sai bayan Windows ta buɗe ka mayar da makunnin gefen da ya ɓaci, kwamfuta na kunne, sannan ka yi filashin. Ka kula da kyau a nan, domin wanda ya manta bai mayar ba, mai kyan zai rubuta wa, ya wayi gari da biyu marasa aiki.

In babu makunni, kana buƙatar wani ido da za ka gani da shi. Yawancin furosesan Intel suna da nasu ɗan sashen hoto a ciki, ban da waɗanda lambarsu ke ɗauke da harafin F. Na AMD Ryzen kuwa, a tsofaffin jeri sai masu harafin G. In naka yana da shi, zare katin, ka mayar da wayar monita bayan madabod, ka shiga saitin madabod ka ce ya riƙa fara nuna hoto ta nan, ka kashe, sannan ka mayar da maras lafiyar raminsa. In babu, sai ka ari wani kati wurin aboki ka sa a rami na biyu. Daga nan manhajar filashin, NVFlash ga katunan Nvidia ko AMDVBFlash ga na AMD, za ta jero maka katunan da ta gani da lambobi. Karanta da kyau ka tabbatar wanne ne naka, kada ka je ka lalata na aro.

To wane bayos za a ɗora? Mafi alheri shi ne na katin kansa, wanda ya kamata a ce an ajiye kafin a fara komai. Manhajar GPU-Z tana da 'yar kibiya kusa da lambar bayos, dannawa ɗaya ce ta ajiye maka kwafi. Wanda bai ajiye ba sai ya nema a rumbun TechPowerUp, kuma a nan ne ake yawan faɗawa rami. Suna ɗaya ba ya nufin kati ɗaya. RX 580 akwai mai gigabait 4, akwai mai 8. Akwai wanda memorinsa na Samsung ne, wani na Hynix, wani na Micron, kuma bayos ɗin da bai san memorinka ba zai ba ka zane-zane ko duhu. Akwai ma wani da ake kira RX 580 2048SP, wanda aka yi don kasuwar China, cikinsa ya fi kusa da RX 570, alhali cikakken RX 580 yana da 2304. Irinsa na da yawa a cikin katuna masu araha da ake shigo da su. Saboda haka a karanta takardar da ke manne a bayan kati, in ta kama ma a buɗe a karanta rubutun da ke kan memorin.

Bari in ɗan ratse a nan, domin akwai wanda bai taɓa yin filashin ba amma ya gaji matsalar. Shekarun da ake haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto, masu haƙar sun riƙa gyara bayos ɗin RX 470, 480, 570 da 580 don memorin ya ƙara sauri. Da Ethereum ta daina wannan tsari a watan Satumban 2022, katunan suka malalo kasuwannin kayan hannu na duniya, har da namu. Sai ka sayi kati, ka ɗan ƙara masa gudu kaɗan ya faɗi, ko direba ya ƙi hawa, ka ɗauka kai ka ɓata shi, alhali an riga an ƙure shi tun kafin ya zo hannunka. Mayar masa da bayos na kamfani shi ne maganinsa.

Ina roƙonku abu guda game da filashin, saboda halin wutarmu: kada a yi shi kai tsaye a kan wutar NEPA, ko a kan janareto da ke tari. Aikin bai fi minti ɗaya ba, amma in wuta ta ƙifta a cikin wannan minti, an koma baya. A yi a kan UPS ko inbata mai cikakken caji. Masu laftof kuwa, ku bar maganar filashin gaba ɗaya, domin a yawancinsu sashen hoton a liƙe yake da bod, kuskure ɗaya na iya hana na'urar duka tashi.

Idan manhajar filashin ba ta ma ga katin ba, saura hanya ɗaya. Akwai wata 'yar na'ura mai araha, CH341A, da ake soka wa wata kwamfutar ta USB, tana da ɗan matsi da ke kama ƙafafu takwas na aisin kai tsaye, katin yana ajiye a tebur ba wuta. Masu gyaran laftof da yawa suna da ita. Wanda zai yi ya fara karanta abin da ke ciki ya ajiye, kome lalacewarsa, sannan ya duba lambar aisin, domin wasu bolt 3.3 suke ɗauka, wasu kuma, musamman a sababbin katuna, 1.8 ne, sai an sa musu adafta. In aka ba mai 1.8 abin da ya fi ƙarfinsa, shi ma ya tafi.

Sai kuma inda ƙarfen ne da kansa ya ji ciwo, wanda shi ne mafi ƙaranci, amma yana faruwa, musamman ga tsohon katin da ƙurar hunturu ta toshe, man da ke tsakanin babbar aisi da ƙarfen sanyaya ya bushe. Alamominsa ba sa ɓuya. An ji ƙauri. Ko kwamfuta ta ƙi tashi sam in katin na ciki, fanka ta motsa kaɗan ta tsaya, amma da an zare shi ta tashi. Wannan yana nuna shot a layin wuta, galibi wani mosfet ne ya ƙone. Ka daina gwadawa, domin kowace kunnawa tana iya ƙara ɓarna. Ko kuma zane-zane suna fitowa tun a tambarin madabod, bayos kuwa na asali ne, har a wata kwamfutar ma haka, to wannan yawanci memori ne ko dalmar da ke ƙarƙashinsa.

Nan ne wurin mai gyara, amma ka tsaya ka ga da me zai fara. Na ƙwarai mita yake fara ɗauka, ya auna layukan wuta ɗaya bayan ɗaya, ya duba fis, ya gaya maka inda matsalar take kafin ya narka komai. Wanda ya fara kai hannu ga bulowa, ya ce bari a ɗan gasa shi a gani, karɓi kayanka ka yi masa sallama. Haka nan bidiyoyin da ke cewa a sa kati a tanda. Dalmar zamani sai wajen digiri 217 take narkewa, kafin a kai nan robobi da ƙananan sassa sun sha wuya, kuma hayaƙin bai dace da inda ake dafa abinci ba. Gaskiya ne wani katin yakan farfaɗo na ɗan lokaci bayan gashi, shi ya sa dabarar ta ƙi mutuwa, amma yakan koma, kuma a lokacin ya fi wuyar gyara ga wanda ya san aikin.

Idan Allah ya sa katin ya dawo, kada a koma ga ma'auni a ranar. A share ƙura, a canza man sanyaya in ya bushe, a bar shi a gudunsa na kamfani, a yi aiki da shi na kwanaki ana kallon zafinsa a GPU-Z. Lambobin da kake gani a bidiyon wani Bature, a ɗaki mai sanyi ya same su, kai kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri iskar da fankarka ke ja ta kan haura digiri 40. Ban da haka, katuna biyu masu suna ɗaya daga masana'anta ɗaya ba sa jure gudu ɗaya. In dole sai an ƙara, a riƙa hawa kaɗan-kaɗan, kamar megahaz 15 a kowane mataki, a gwada da aiki na gaske, memori daban, babbar aisi daban, kuma kada a danna maɓallin ɗorawa a farkon tashi sai an tabbatar.

Ni dai a ganina, a yanayinmu, akasin hakan ya fi riba. Ƙarin da ake samu daga ƙure gudu da wuya ya wuce kashi 10 cikin 100, abin da ido ba ya ko lura da shi a yawancin ayyuka. Amma a cikin Afterburner ɗin nan, in ka danna Ctrl da F, za ta buɗe maka jadawalin gudu da wuta, inda za ka iya rage bolt ɗin da katin ke sha, ka bar gudunsa kusan yadda yake. Zafi ya sauka, kukan fanka ya ragu, batirin inbata ya ƙara daɗewa, kuma katin da ba ya zafi ba ya rage gudu da kansa a tsakiyar fitar da bidiyo. In ma an rage fiye da kima, abin da zai faru shi ne direba ya faɗi, a koma Sef Mod a gyara, babu abin da zai ƙone.